Yadda Ake Zuwa Kallon Wasa a Legas, a Dawo Masauki Lafiya

Karon farko da na je kallon wasan barkwanci a Legas, a Agege na sauka wajen wani ɗan'uwana, wasan kuwa can Victoria Island za a yi shi. Watan Disamba ne, ranar Asabar. A jikin tikiti an rubuta ƙarfe shida na yamma, don haka ana idar da La'asar na kama hanya, ina ganin na yi sammako. Takwas saura na isa, raina a ɓace, na riga na haƙura da rabin wasan. Ina shiga sai na tarar ana jera kujeru, wani yaro a kan dandamali yana gwada lasifika. Ba a fara ba sai wajen goma, ba a tashi ba sai biyu da rabi na dare. Ga ni tsaye a bakin titi da babbar riga, cajin wayata saura kashi huɗu, kuɗin mota ya ninka, mutum ɗari na neman motar da nake nema. Wani mai gadi ɗan Gashuwa ne ya ba ni benci da caja, na zauna wajensa har aka kira Assalatu.

Tun daga ranar ba na fara tambayar wa zai yi wasa. Ina zan kwana, ta ina zan dawo, su nake fara warwarewa. Da su za mu fara a nan ma.

Da farko, ka san wane gefen ruwa kake

Ruwa ya raba Legas biyu. Akwai ɓangaren tudu da ake kira Menlan, inda Agege, Ikeja, Oshodi, Yaba, Surulere, Idi-Araba da Mile 12 suke, kuma nan ne yawancin mutanenmu ke sauka. Akwai kuma Ailan: tsibirin Legas kansa, Obalende, Ikoyi, Victoria Island, har zuwa Lekki. Gada uku ce ta haɗa su: Carter, Eko, da kuma Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990. Rabin wahalar kallo a garin nan a kan gadojin take.

A ranakun aiki, da safe jama'a Ailan suke nufa, da yamma su juyo Menlan. Wannan ya ba ka dabara. In kana Menlan za ka kallo Ailan da yamma, kana tafiya ne ana dawowa, hanya kan ɗan yi maka sauƙi da zarar ka wuce Oshodi. In kuwa kana Ailan za ka Ikeja da ƙarfe biyar, to ka shiga ayarin masu tashi daga aiki, sai haƙuri. A Disamba kam wannan lissafi ba ya aiki, gosulo ta ko'ina ne.

Shawarata ga wanda ya zo kwana uku ko huɗu: ka zaɓi wasan da ke gefenka. In kuma ranka ya kafe a kan wanda ke ɗaya gefen, ka kama ɗaki na dare guda kusa da wurin, ko ka nemi ɗan'uwa a Obalende tun kafin ranar. Kuɗin ɗakin sau da yawa bai kai abin da za ka kashe a motar tsakar dare ba, balle fargaba.

Sai ka zaɓi irin wasan, don ba duka ne naka ba

Nan ne ya kamata mutum ya tsaya ya yi wa kansa gaskiya, musamman in da iyali zai je.

In wasan kwaikwayo na dandamali kake so, irin wanda ake zama a kujera a nutse, Terra Kulture da ke titin Tiamiyu Savage a Victoria Island shi ne na farko da zan nuna maka. Bolanle Austen-Peters ce ta kafa wurin, kuma zauren wasansu na ɗaukar mutum wajen 400, ka ga duk inda ka zauna kana ganin fuskar 'yan wasa. Sun fi suna a wasan da ake haɗa labari da waƙa da rawa, yawanci a ƙarshen mako da lokacin bukukuwa. Akan yi wasa ɗaya sau biyu a yini, na rana da na dare. Ka ɗauki na rana. Za ka fito da sauran haske, ka ci abinci a gidan abincin da ke harabar, ka leƙa ɗakin zane-zane da kantin littattafai, ka kama hanya kafin gari ya rikice.

MUSON Centre a Onikan na ƙungiyar masu kiɗa ce da aka kafa a 1983. Nan ake kiɗan gargajiyar Turai, da goge da fiyano da rukunin mawaƙa, kuma akan yi wasan kwaikwayo. Bikinsu na shekara a watan Oktoba yake. Wuri ne mai tsari: ana kashe ƙarar waya, ba a hira, kuma in kiɗa ya ɗan tsaya kada ka yi saurin tafi, wataƙila numfashi suka ja kafin kashi na gaba. Ka jira ka ga na kusa da kai sun fara.

Babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu, wanda siffarsa ta yi kama da hular hafsan soja, an kammala shi a 1976 domin FESTAC, bikin al'adu da fasahar baƙar fata na duniya na 1977, aka tsara babban zaurensa ya ɗauki mutum 5,000. Ya yi shekaru a lalace kafin bankunan ƙasar nan su haɗa kuɗi su gyara shi, a 2024 kuma aka sa masa sunan marubuci Wole Soyinka. Abin da ya sa nake son sa, jirgin ƙasa na Blue Line da ke tashi daga Marina zuwa Mile 2 yana da tasha a gefensa.

Freedom Park a titin Broad kuwa tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka ne, inda aka taɓa tsare su Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo. An mayar da shi wurin shaƙatawa a 2010. Fili ne a buɗe, da bishiyoyi da ƙananan dandamali, kuɗin shiga kaɗan ne, kuma ana yawan yin kiɗa da waƙe da ƙananan wasanni. Ga mai ƙaramin aljihu da ke son ya ɗanɗana, nan ne. Sai dai da dare akwai masu sayar da giya a ciki, ka san da wannan.

Yanzu gidan kiɗa na New Afrika Shrine. Yana Agidingbi a Ikeja, kusa da sakatariyar Alausa, wato tafiya kaɗan daga Agege. 'Ya'yan mawaƙi Fela Kuti, Femi da Yeni, suka buɗe shi a 2000, shekara uku bayan rasuwar mahaifinsu. In Femi yana gari an saba ganinsa a dandamali ranar Alhamis da Lahadi, a tsakiyar Oktoba kuma ake Felabration, bikin tunawa da Fela na mako guda, daidai da ranar haihuwar Fela, 15 ga wata. Shugaban Faransa Emmanuel Macron ma ya je a 2018. Ta fuskar kiɗa, ban ga inda ya kai shi a Legas ba: masu busa a jere, ganguna, kiɗa ɗaya ya yi minti ashirin bai gundure ka ba. Amma kada in ɓoye maka, hayaƙin tabar wiwi a wurin ba ɓoyayye ba ne, a rigarka za ka tafi da warinsa gida, shigar 'yan rawa kuma ba irin wadda za ka kalla tare da surukinka ba ce. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya bar shi, babu abin da ya rage masa.

Manyan mawaƙan zamani da 'yan barkwanci sun fi yin nasu a zauren taro na Eko Hotel, ko a filin Tafawa Balewa, ko a bakin teku. Su ne masu tsada, su ne kuma masu kai wa tsakar dare. Game da barkwanci, yawancinsa da Turancin buroka ake yi, ana sirkawa da Yarbanci. In kunnenka bai saba ba, za ka ga zaure na birgima da dariya kai kana murmushin yaƙe.

Lokacin zuwa

Daga tsakiyar Disamba zuwa sabuwar shekara Legas ba ta barci. Suna kiran lokacin Detty December: 'yan ƙasar da ke zaune a Ingila da Amurka sun dawo hutu, kowane dare akwai wasa, kuma komai ya yi tsada, daga ɗaki har tikitin jirgi. In lokacin kake so, ka kama masauki da jirgi tun watan Oktoba. Ni dai na fi son Oktoba da Nuwamba: ga Felabration, ga bikin MUSON, ga bikin wasannin kwaikwayo da fasaha na Lagos Fringe, gari bai cika ba tukuna. Hutun Ista ma akan yi manyan wasannin barkwanci. Yuni da Yuli ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, titunan Lekki da Victoria Island kan cika, don haka wasan fili a watannin nan caca ne.

Sayen tikiti

Ka fara da shafin gidan wasan ko na mai wasan kansa a Instagram, don nan suke fara sanarwa. Daga shafin nasu za ka bi zuwa inda ake sayarwa, irin su Tix Africa ko Nairabox. Kada ka saya a hannun wanda ya turo maka saƙo yana cewa yana da ragowa mai rahusa, kuma kada ka tura kuɗi asusun wani mutum da ba a ambata a sanarwar ba. Tikitin yanzu lamba ce mai zanen ɗigo-ɗigo da ake haskawa a ƙofa. Macuci na iya sayar da hoto guda ga mutum goma, wanda ya riga isa shi ya shiga, sauran tara su tsaya cacar baki da masu tsaron ƙofa.

Da ka biya, ka ɗauki hoton tikitin ka ajiye a waya. Inda mutum dubu suka taru intanet kan ɗauke, kada ka zo bakin ƙofa kana jiran saƙo ya buɗe.

Akwai matakai: na gama-gari, na VIP, sai tebur, wanda a manyan wasanni kuɗinsa kan kai miliyoyin naira. Kafin ka biya ka tambaya, na gama-garin zama ne ko tsayuwa? A wasan mawaƙa sau da yawa tsayuwa ce ta awa biyar ko shida. Tebur kuwa yawanci da kwalaben giya yake zuwa a cikin kuɗinsa, ka ga wanda ba ya sha ya biya abin da ba zai taɓa ba. A ƙaramin zaure irin na Terra Kulture, ƙarin kuɗin kujerar gaba bai da wani amfani sosai; layi na biyar zuwa na goma, ta tsakiya, ya ishe ka.

Kuma kwana ɗaya kafin wasa ka sake leƙa shafinsu. Ana ɗage wasa, ana sauya wuri, wani lokaci da 'yar sanarwa guda da za ta wuce ka in ba ka duba ba.

Ranar wasa: agogo iri biyu ne

Gidajen wasan kwaikwayo da MUSON suna ƙoƙarin kiyaye lokaci. In sun ce uku, ka kasance a kujerarka uku saura kwata, don wasu sukan tsayar da wanda ya makara a waje har sai an kai gaɓar da shigarsa ba za ta dami kowa ba. Wasan mawaƙa da na barkwanci kuwa, lokacin da aka rubuta na buɗe ƙofa ne kawai. Za a fara da masu tasowa ɗaya bayan ɗaya, wanda ka biya kuɗi dominsa ba zai fito ba sai sha biyu ta gota, wani lokaci biyu. Duk da haka kada ka ce bari in je sha ɗaya: layin shiga ya yi tsawo a lokacin, kuma wurin tsayuwa mai kyau ya ƙare. Takwas zuwa tara ya yi.

Batun salla ka tsara shi tun daga gida. Magariba a Legas takan faɗi daga wajen shida da rabi zuwa bakwai da 'yan mintoci, gwargwadon watan, wato daidai lokacin da kake cikin mota ko kan layi. Abin da nake yi, ina isa unguwar da wuri, in yi Magariba da Isha'i a kusa, sannan in shiga. In wasan a tsibirin Legas ne, babban masallacin titin Nnamdi Azikiwe bai da nisa da Freedom Park, Obalende kuma masallatai ba sa ƙirguwa. A Victoria Island, ka duba masu gadi ko masu canji a bakin titi, ka yi musu sallama da Hausa. Da wuya ka rasa buta da tabarma. Ka tuna a wurare da yawa in ka fita bayan an haska tikitinka, komawa sai da rigima.

Ka ci abinci kafin ka shiga. Na ciki ninki biyu ne ko uku, kuma ba ka san da me aka dafa ba. Tsiren Obalende ko na Glover Court a Ikoyi zai riƙe ka har a tashi.

Abin da za ka ɗauka

Kaɗan. Waya da caji cike, da fawa bank. Katin banki ɗaya, katin shaida, da 'yan canji a aljihu daban, don na'urar POS na iya ƙin aiki daidai lokacin da kake buƙata. Kada ka ɗauki babbar jaka, za a bincike ta a ƙofa, a wasu wuraren ma a hana ka shiga da ita, haka ruwa ko lemon da ka sayo daga waje. Waya a aljihun gaba. Aljihun gefe na kaftani, wanda muke zura waya ba tunani, shi ne abincin masu yankan aljihu a cikin turmutsitsi.

Kaftani da hula ba sa hana ka shiga ko'ina, mutanen Legas ma suna son kayan. Babbar riga ce dai ba ta dace da wurin tsayuwa ba. Zaurukan suna da sanyin na'ura sosai, don haka Hajiya ki riƙe mayafi mai kauri, ki sa takalmin da za ki iya tsayuwa da shi. Sai gargaɗi guda: in ka zauna layin gaba a wasan barkwanci da zanna bukar a kanka, ka shirya. Ɗan wasa zai hango ka, ya ce "Alhaji!" ko "Aboki!", ya yi minti biyar a kanka da zancen canjin dala da mata huɗu. In ka yi dariya ka ɗaga masa hannu, zai wuce. In ka haɗe rai, ka ba shi abin yi har a tashi.

Maganar hula ta tuna mini da Eyo, bikin dodannin tsibirin Legas masu fararen kaya da dogayen sanduna. Ba shi da tsayayyar rana, akan yi shekaru ba a yi ba. An yi shi a 2017 lokacin cikar jihar shekara 50. In zuwanka ya dace da shi, dokarsu ita ce ba a sa hula ko ɗankwali, ba a sa takalmi, ba a shan taba a inda suke wucewa, kuma sandar nan ba ado ba ce. Wanda ba zai iya cire hula ko mayafi ba, kada ya shiga tsibirin ranar.

A cikin zaure

Da ka shiga, kafin ka zauna, ka duba ƙofofin fita, ba wadda ka shigo ta ita kaɗai ba. In ku biyu ne ko uku, ku sa wurin haɗuwa a waje, wuri takamaimai kamar gaban wani banki, saboda kira ba ya shiga in an tashi. A wasan mawaƙa kada ka kutsa gaban dandamali. Lokacin da babban mawaƙin ya fito, na baya kan turo gaba gaba ɗaya, wanda ke jikin shingen ƙarfe shi ke shan matsa. Gefe, kusa da hanya, ya fi. A wasan kwaikwayo kuwa yawanci an hana ɗaukar bidiyo, kuma hasken wayarka na damun na bayanka. Abin sha in ka ajiye ka tashi, kada ka dawo ka sha.

Dawowa

Wannan tun da rana ake shirya shi. Jirgin ƙasa na Blue Line, da Red Line mai bi ta Agege, Ikeja, Oshodi da Yaba zuwa Oyingbo, da manyan motocin bas na BRT, duk da katin biyan kuɗin sufuri mai suna Cowry ake shigarsu, kuma suna da daɗi wajen tafiya. Sai dai ba sa kwana suna aiki, don haka ka tambayi lokacin na ƙarshe a tasha, kada ka dogara da su bayan wasan dare. Acaɓa kuma an hana shi tun 2022 a Ikeja, Surulere, Apapa, tsibirin Legas da yankin Victoria Island, in aka kama har fasinja na iya shiga matsala.

Abin da ya rage shi ne manhajojin kiran mota irin su Uber, Bolt, inDrive ko LagRide, ko kuma direban da ka sani. Mafi kwanciyar hankali shi ne ka yi ciniki da direba guda tun da rana, wanda mai masaukinka ya yarda da shi, ya kai ka ya jira ka, ko ya dawo a lokacin da kuka yanka. Ka ba shi rabi, rabi sai an dawo. In manhaja za ka yi amfani da ita, ka fito minti ashirin kafin a tashi. Waƙar ƙarshe da za ka rasa ba ta kai awa guda a bakin titi ba, ga kuɗin da ke hauhawa da zarar jama'a sun fito. Ka taka zuwa wuri mai haske da masu gadi, ɗan nesa da ƙofa, ka kira daga can. Kafin ka shiga ka duba lambar motar da fuskar direba su dace da na waya, ka tura wa mai masaukinka bayanin tafiyar.

Danfo, wato ƙaramar bas ta haya, ko tasin da ta tsaya maka da kanta da tsakar dare, da mutum biyu ko uku a ciki, kada ka shiga ko da kyauta ce. Su ake kira wan cans: fasinjojin na bogi ne, sai an yi nisa su karɓe waya su tilasta ka tura abin da ke asusunka. In samarin unguwa suka tare ka suna neman na goro a inda aka ajiye motoci, 'yan canjin nan da ka ware su za ka miƙa, ba tare da ka fito da walat ba. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767, ka sa su a waya tun yanzu.

In kuma an tashi ƙarfe uku kai kuma masaukinka na can ƙetaren gada, ba dole sai ka ƙetara a daren ba. Ka zauna a harabar otal ɗin ko wajen masu gadi. Mai shayin Obalende yana kan teburinsa, ka sa a soya maka ƙwai, biyar da rabi ta yi ka yi Asuba, motocin farko sun fara lodi.